Ƙarfen da Aka Sassaƙa Don Ya Karye

Shekara talatin da huɗu Malam Hambali ya yi a rumfarsa ta unguwar Sintali a Jalingo yana sassaƙa ƙarfe a inji. Mahaifinsa maƙeri ne da ya taso daga Zariya tun Jalingo ba ta zama babban birnin jiha ba. A gindin zugazugi Hambali ya girma, amma da ya kai saurayi sai ya bar maƙera ya koyi aikin inji a wurin wani Bayerabe, daga baya ya sayi tsohon injinsa. Masu niƙa, masu tarakta daga Iware, masu famfon ban-ruwa, duk wanda sandar injinsa ta cinye ko ta tsinke, wurinsa yake zuwa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Inda ƙarfe zai shiga cikin wani ƙarfen, awonsa ba ya kuskure ko da kaurin gashi. Amma duk inda ya ga sirantaka a tsakiyar sanda, sai ya bar mata nama fiye da yadda aka zana masa. Ba ya shawara da kowa a kan haka, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya karye ba.

Bayan rasuwar matarsa Saratu, magana ta yi masa ƙaranci. 'Ya'yansa duk sun watse, sai autarsa Fadila da ke digiri na biyu a fannin ƙarafa, mai zuwa gida in an yi hutu.

Wata damina Fadila ta zo ba lokacin hutu ba, ta ajiye masa ƙunshin tawul a kan benci. Sanduna uku ne a ciki, masu ruwan toka, kowace ba ta fi tsawon tafin hannu ba.

"Titaniyam ne, Baba," in ji ta. "An cuɗa garinsa da garin kabaid, irin na haƙorin injinka, aka gasa. Wata goma na jira kafin a yi min su. Shago huɗu na kai, kowa ya ce ba zai taɓa ba."

Ta shimfiɗa masa zane: kai biyu masu kauri, ƙugu siriri a tsakiya. Aƙalla biyu malaminta yake so a ranar gwaji, saura mako biyu. In ba su samu ba, shekara guda ta tafi, sai ta sake daga farko.

Washegari da safe ta tafi unguwar Majidaɗi gaida gwaggonta. Malam Hambali ya ɗauki sanda ɗaya ya jinjina a hannu, ya ji ta sakayau. Duk ƙarfen da ya taɓa ji da rashin nauyi irin wannan alminiyam ne, shi kuwa da gudu ake sassaƙa shi. Fadila ta rubuta saurin da ya kamata a gefen zanen, amma rubutun ƙanana ne, tabaraunsa kuma na gida. Ya ɗaure sandar, ya saki inji.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙarar ta canja. Tartsatsi ya tashi fari fat, irin wanda bai taɓa gani ba, haƙorin ya yi ja ya ɓalle, guntunsa ya kafta wa sandar rami mai zurfi daidai inda ƙugun zai kasance. Ya kashe injin ya tsaya yana kallo.

Obadiya mai walda, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya leƙo da gilashi a goshi.

"Malam, mene ka saka a inji? Na ce ko walƙiya ya shiga shago!" Ya ga sandar, dariyarsa ta ɗauke. "Na yarinya ne? Kai. Ka ce masa injin ne ya yi."

"Ba injin ba ne," in ji Malam Hambali.

Da Fadila ta dawo, a kan zanen ta tarar da sandar, ramin na kallon sama. Ta daɗe tana juya ta a hannu. Shi kuwa ya ce, "Ban karanta rubutunki ba. In kina so ki ɗauke sauran, ki ɗauke."

Ba ta ɗago kai ba. "Ina zan kai su, Baba?"

Ta je gida da kanta ta ɗauko masa tabarau. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai jin nauyin koya wa babba: wannan ƙarfe ba ya raba zafi a jikinsa, duk a bakin haƙori yake tara shi, ƙwayoyin kabaid ɗin da ke ciki kuma suna cin haƙorin kamar yashi. Sai an bi shi sannu, da ruwa ba yankewa. Ya saurara har ta gama.

Kwana uku suka yi a kan sanduna biyun. Famfon ruwan injin ya daɗe da mutuwa, don haka Fadila ce ta tsaya da buta tana tsiyayawa, hijabinta a ɗaure ta baya. Injin na juyawa a hankali har Obadiya ya ce ko kunkuru ne ke tuƙa shi. Haƙora huɗu gare shi, uku suka dakushe. Rana ta uku da hantsi ya kwance sanda ta ƙarshe, ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙa mata.

Ta sa ma'auni a ƙugun. Ta cire, ta sake sawa. Ta auna ɗayar.

"Baba, milimita shida na zana. Takwas ne nan."

"Na sani. Shida ta yi siriri. In aka ja shi, nan zai karye."

"Nan ake so ya karye."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Injin gwajin kama kai biyun yake yi, ya yi ta ja har ya tsinke," in ji ta. "Shi zai faɗa mana nauyin da ya ɗauka kafin ya saki, da yadda ya miƙe. Kabaid ɗin na ƙara masa ƙarfi, kamar tsakuwa a kankare, amma in ya yi yawa sai ya koma kamar tangaran, ya fashe ba gargaɗi. Ba mai sanin inda iyakar take sai an karya. In ƙugun ya yi kauri, a wurin kamun zai tsinke, ba za a karɓa ba."

"Wato wata goma kika jira, ni na yi kwana uku, don a karya."

"E, Baba. Don kada wanda za a sa a injin jirgi ya karye da mutane a ciki."

Ya zauna a kan benci, sandar a cinyarsa. Tunda ya fara sana'a bai taɓa rage wa ƙarfe nama da niyyar ya gaza ba. Ga shi haƙori ɗaya ya rage, ƙugun kuma yana ƙara sirancewa yana ƙara lanƙwasa a ƙarƙashin haƙori. Rawar hannu ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Aka kira azahar, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya naɗe hannun riga ya ce, "Cika butar."

Kaɗan-kaɗan ya riƙa ɗauka, ɓawon na fita siriri kamar gashin masara. Duk zagaye sai ya tsaya ta auna. Bakwai da rabi. Bakwai. Obadiya ya kashe injin waldarsa don kada ƙara ta dame su, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Sanda ɗaya ta kai shida kafin la'asar, ɗayar sai washegari, da haƙorin da ya fara ƙugi. Sannan ya zauna da samfefa yana goge layukan da haƙori ya bari, domin ta ce daga nan tsaga take farawa.

Bayan kwana tara, yana tsaka da cire sandar wani injin niƙa, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, sun karye," in ji Fadila. "Duka biyun, a tsakiya cif. Malamina ya karɓa. Ya tambayi wanda ya sassaƙa."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa, "Alhamdu lillahi."

Obadiya da ke jin su ya riƙe haɓa. "Aikinka ya karye, kana godiya? Yau na ga abu."

Malam Hambali bai kula shi ba. Ya juya baya, ya matse wayar a kunne.

"Fadila, kada ki bari su zubar da guntayen. Ki zo min da su. Ina so in ga cikinsa."