Katin da Ɓarayi Suka Raina

Shagon Mai Makulli bai fi ɗakin wanka girma ba, amma a cikinsa ya yi furfura. Shagon yana maƙale tsakanin kantin magani da wurin mai gyaran waya. Akwai injin yanka makulli a kan teburi, da allon katako mai ƙusoshi inda makullan da ba a yi wa haƙora ba suke rataye, sai bencin masu jira. Garin tagulla ya zauna a ƙarƙashin faratansa, sabulu ya gaji ya ƙyale shi. Mutum ne mai amana. Ba ya yanka makulli daga hoton waya, sai ka kawo na ainihi, kuma in hankalinsa bai kwanta da kai ba sai ya ce injin ya lalace. Aibinsa ɗaya ne, kowa a layin ya san shi: ba a yabon ƙaninsa a gabansa bai yi tari ba.

Auta yake ce wa ƙanin, har yau da shi ma ya tara iyali. Mai Makulli ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, a kan wannan bencin yaron ya yi aikin makarantarsa. Yanzu Auta dillalin tayil ne da kayan banɗaki, yana da sito da motoci, yana fita waje saro kaya. Abin haushin, bai taɓa yi wa yayansa rashin kunya ba. In ya zo sai ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da zai ɗaga hanci ko sau ɗaya ne, da Mai Makulli ya sami inda zai rataye abin da ke cin ransa. Bai samu ba, sai abin ya zauna masa a ƙirji.

Sana'ar ce ta sa ya zama malamin katin banki. Rabin masu zuwa yanka makulli mutane ne da jaka ta ɓace musu, ko aka zare musu walat a mota, kuma wanda ya yi asara bakinsa ba ya shiru. Yana goga makulli yana saurare, har ya haddace bankunan da launin katinsu. Masu koren kati kusan kowane mako sai ɗaya ya zo yana kuka an yi sayayya da sunansa. Masu shuɗi ba a cika taɓa su ba, amma ranar da aka taɓa ka, takalminka zai cinye kafin banki ya saurare ka. Baƙin kati, na masu hannu da shuni, shi ɓarayi suka fi bi. Nasa kuwa rawaya ne, katin bashi na wani ƙaramin banki, irin wanda za ka kashe ka biya ƙarshen wata, kuma bai taɓa jin an ce an taɓa irinsa ba.

"Banki kamar kwaɗon ƙofa ne," haka yake gaya wa masu benci. "Wani ƙyalli kawai gare shi. Kuma ku ji da kyau, lambar nan da ake turowa a waya, ko wanda ya haife ka ne ya kira, kada ka karanta masa."

Ana jin maganarsa. Mai kantin magani ma sai da ya shawarce shi kafin ya canza banki.

Wata rana da hantsi Auta yana zaune a bencin, wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa na riƙe da kofin shayi, sai ya ajiye ta a cinya ya buɗe murya. Wata mace ce mai taushin harshe.

"Ranka ya daɗe, daga bankinka ne. Ka yi tafiya ne? Ga wani a ƙasar waje yana son sayen agogo da katinka."

"Ina nan, ga ni a shagon yayana."

"To mun rufe katin, ranka ya daɗe. Gobe za a kawo maka sabo har ofis. Ka yi haƙuri da damun da muka yi maka."

Auta ya kashe waya ya ci gaba da shan shayinsa, kamar an gaya masa za a yi ruwa. Mai gyaran waya da ya leƙo ya girgiza kai ya ce, "Manya ke nan. Banki ne ke ba su haƙuri."

Mai Makulli ya yi tari. "Wannan bankin naka ƙofarsa a buɗe take kwana, Auta. Karo na nawa ke nan? Ni katina tun da na karɓe shi ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Auta ya yi dariya, ba da wata manufa ba. "Yaya, ai su ma ɓarayin suna zaɓe. Wa zai ɓata ranarsa a kan katin da iyakarsa kuɗin cefane?"

Bencin ya kwashe da dariya. Mai Makulli ma ya yi, amma injin ya ci wa makullin da ke kansa haƙori fiye da ƙima, sai da ya jefar ya ɗauko wani.

Maganar ta bi shi gida. Shekaru yana alfahari da cewa bankinsa ya fi kowane tsaro, ashe raini ne. Ɓarawo ma ya duba shi ya wuce. Kishi yake yi, na gaske, mai hana abinci daɗi, kuma a wannan karon ba motar Auta ko sitonsa ne suka tsaya masa a rai ba. Muryar nan ce mai cewa ranka ya daɗe. Shi bankinsa in ya tuna da shi, saƙo ne na tunin ranar biya.

Matarsa ta karance shi tun kafin ya cire takalmi. Da ta ji labarin sai ta ajiye gugar da take yi.

"Baban yara, ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai baƙin cikin ba a yi masa sata ba sai kai."

"Wa ya ce miki baƙin ciki nake? Magana ce ta tsaro."

"To Allah ya ƙara mana irin wannan tsaron," in ji ta, ta koma kan gugarta.

Bai daɗe ba ya je banki ya nemi a ɗaga masa iyakar katin. Ya ce injin makullin mota zai saya, mai kwamfuta, kuma da gaske ya daɗe yana son injin. Suka sa shi zirga-zirga da takardun shago, daga ƙarshe suka ɗaga. Injin dai bai saya ba. Kullum sai ya ce yana jiran farashi ya sauka. Amma duk wanda ya zauna a benci sai ya ji sabuwar iyakar, kuma katin ya fara fitowa a wuraren da a da tsabar kuɗi yake biya. A kantin magani har barinsa yake a kan kanta yana hira.

Ranar da kiran ya zo, Auta na shagon, ya kawo makullin sito a yi masa na biyu. Bencin cike yake. Baƙuwar lamba ce, muryar namiji, a natse.

"Ranka ya daɗe, daga sashen tsaro na bankinka ne. Wani a ƙasar waje yana ƙoƙarin amfani da katinka."

Mai Makulli ya kashe injin. Ya buɗe muryar wayar, ya ɗora ta a kan teburi inda kowa zai ji, ya gyara tsayuwa.

"Ina jin ka. Ƙasar waje ka ce?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Manyan abokan hulɗarmu irinku su aka fi hari. Za mu rufe musu hanya yanzu. Ka tabbatar mana da lambobin katin, sannan za ka ga saƙo ya shigo, sai ka karanto mini."

Auta ya miƙe. "Yaya, kashe wayar nan. Ka kira bankin da kanka."

"Kai in naka sun kira, kashewa kake yi?"

"Nawa ba sa tambayar lamba, Yaya. Kai ka koya mini wannan."

Mai Makulli ya dubi ƙaninsa. Fuskar Auta ta canza, kuma shi a idonsa ba tsoro ya gani ba. Gani ya yi yau ɗaya an kira babba a gaban mutane, ƙaramin ya kasa haɗiyewa. Wani sanyin daɗi ya ratsa shi. Ya ɗaga wa Auta hannu, irin yadda yake yi masa yana yaro, ya ɗauko katin ya karanta a hankali, da ƙarfi. Saƙo ya shigo, shi ma ya karanta.

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji muryar, aka kashe.

Kafin ya mayar da katin aljihu wayar ta fara ƙara, saƙon cire kuɗi na bin wani.  Mai gyaran waya ya sulale ya koma shagonsa.

A banki ya bi layi har ƙafarsa ta yi tsami. Ma'aikaciyar da ta saurare shi ba ta kai babbar 'yarsa ba, kuma idonta na kan kwamfuta.

"Baba, da bakinka ka ba su lambar. Ba kutse aka yi mana ba. Bashin naka ne, kuma duk wata yana ƙaruwa."

 Ya ninke takardar da ta ba shi ya fito.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta koma kan gugarta. A shago kuwa masu benci suka daina ta da zancen kati. In wani baƙo ya fara, sai a yi masa ido.

Auta ya bari sai da yamma ta yi, layin ya yi sauƙi, sannan ya zo shi kaɗai. Ya rusuna ya gaishe shi, ya zauna a ƙarshen benci.

"Yaya, na je bankin. Zan rufe bashin kafin ya hau. Don Allah kada ka ce a'a. Kuɗin makarantata ma ban taɓa jin ka ƙirga ba."

Mai Makulli bai ɗago ba. Yana ta goga wani makulli da ya riga ya yi santsi. Ba shi da hanyar biya sai dai ya sayar da injin da yake ci da shi, su biyun sun san haka. Da ya yi magana, muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Auta, kai naka, mafi yawan da suka taɓa ɗauka... ya kai nawa?"

Auta ya dubi hannun yayansa, da tagullar da ke faratan. A bara kaɗai an taɓa katin Auta da abin da ya ninka wannan, kuma a wannan shagon ya ba da labarin.

"Ina fa, Yaya. Ko rabin naka ba su taɓa samu a wurina ba."

Mai Makulli ya san ƙarya ce. Ya tuna labarin bara sarai, har tarin da ya yi a ranar. Duk da haka ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa, ya kuma ji kunyar sakin da ya yi. Ya gyaɗa kai, ya hure garin da ke kan makullin.

"Ai na faɗa maka ba ƙananan ɓarayi ba ne," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri, layin bankin nan tsawo gare shi."