Kunnen Kyari Shofer

"A yi shiru, Magira na magana!"

Duk wanda ya zauna Gure a wancan zamani ya san wannan tsawa, ya kuma san mai ita. Kyari Shofer ke nan, wato direba, Allah ya jiƙansa. Ku yaran yanzu, Magira ba mace ba ce, motar kumandan ce, ita kaɗai a garin a shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai. Tun zuwanta tsohuwa ce, irin wadda ba a zuba wa ruwa, iska ke sanyaya injinta. Kyari ya ce shi ya sa ya ba ta sunan uwar sarki: ba ta roƙon kowa ruwa, amma ranar da ranta ya ɓaci kowa sai ya ji a jikinsa.

Ni Ilu taubashinsa ne, ni ke juya manibel, ƙarfen nan da ake murɗawa a gaba a ta da mota. In ta kafe a rairayi kuma ni ke turi. Faɗin ƙirji aka duba aka ɗauke ni, ba a tambayi abin da ke cikin kai ba. Ina da mata da 'ya'ya uku, amma a bakin Kyari ba ni da suna sai Jakin Magira.

Da kunne yake gyara. In ya buɗe injin da safe, sai ya aike ni in tsai da matan masu gadin bariki daga daka, in kori zakara. Ran nan kumandan da kansa ya fito yana fito da baki, Kyari ya ɗaga masa hannu ko waiwaye babu. Wallahi Bature ya tsaya cak! Da aka gama ya sa tafinta ya tambaya, wai me ta ce?

"Ta ce iska ta yi mata yawa, isansi ya yi kaɗan, kuma fiton Mushe kumandan ba daɗi."

Tafinta ya fassara biyun farko, ya haɗiye na ukun.

Yakan ce mini aikin duka ci ne da lokaci. Karbirata ke dama mata fura, iska da isansi, wato fetur. In ta yi kauri sai baƙin hayaƙi, in ta tsinke injin ya ɗau zafi har ya ƙone, tunda ba ruwan da zai cece shi. Yakan kwance buji, wato fulogi, ya leƙa bakinsa. In baƙi ne ta ƙoshi har ta yi amai, in fari ne yunwa take ji, in ya ga launin soyayyar gyaɗa sai ya shafa gemu. Lokaci kuwa na wuta ne, wadda manyeto ke bayarwa. Ta makara, mota ta yi kasala. Ta yi gaggawa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa kamar maƙera. Shekara da shekaru yana yi mini wannan karatu, abin da na riƙe shi ne furar.

Akwai wata laya da ba ta rabuwa da wuyansa. Gari ya ɗauka wani malamin Barno ne ya rubuta ta, ita ke ta da mota. Wata rana ya cire ta zai yi wanka a rijiya, shaiɗan ya ce mini buɗe. Me zan gani? Takardar naɗa taba, fara fat. Ga ni da garin taba a aljihu. To, kun san sauran.

"Jaki, ina takardata?"

"Wace takarda, taubashi? Ko bisimilla babu a jikinta."

Ashe tsakanin wasu ƙarafa biyu na manyeto yake saka ta, ya juya injin sannu sannu, daidai inda suka sake ta, nan wuta ke tashi. Ya riƙe kai ya ce, "Shekara shida tana ba Magira lokaci, kai ka shanye ta a zama ɗaya!" Tafinta ya ji tausayi ya miƙo masa ƙunshin takardun taba guda cur. Kyari ya zari ɗaya ya mayar da sauran, ya ce yawa ke lalata mutum. Har ya mutu yana cewa sabuwar ba ta kai tsohuwar ba.

Sai dai takardar kusantar da shi kawai take yi, ƙarshen aikin na kunne ne. Kunnen kuwa shi ya tafi. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, likitan soja ya ɗura masa kinin, ya tashi amma ji bai tashi tare da shi ba. Bai gaya wa kowa ba. Ni na gane, ranar da jaki na gaske ya yi kuka a bayansa bai ce a yi shiru ba.

A daidai lokacin aka kawo sabon kumandan, saurayi mai gaggawa. Ya ce motar ta yi nauyi. Ran Talata za a tafi rangadi wajen Alakos, in ta kasa hawan babban tudun rairayin nan da ke bayan kwari, za a kawo makaniki daga Damagaram, Kyari ya koma gona. Wace gona? Matarsa ta rasu, bai haihu ba, tun da ya baro soja bai san komai ba sai Magira.

Ran Lahadi Kyari ya ja ni gefe. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Ilu, ara mini kunnenka."

Ilu ya kira ni, ba Jaki ba.

"Zan riƙa juya manyeto kaɗan kaɗan ina kallonka. In ka ji ta daidaita, ka sosa kai."

Ni da ban iya raba kiɗan kalangu da dakan gero ba! Amma na ce to. Na ta da ita, ya duƙa yana juyawa yana kallona, ni kuma na ƙura ido kamar mai fahimta. Sai wata kwarkwata, Allah ya isa tsakanina da ita, ta cije ni a ƙeya. Na kai hannu. Kyari ya ɗaure ƙarfe, ya kashe injin, ya ce in sake tayarwa mu gani. Ashe wuta ta yi gaggawa ƙwarai. Ina murɗa manibel ya dawo da baya ya haure ni, na tashi sama na dawo a zaune. Har yau babban yatsan nan a karkace yake, shi ya sa kuke ganin rubutuna kamar sawun kaji.

Bai zage ni ba, abin da ya fi ciwon tsorata ni ke nan. Ya ɗaure mini hannu, ya mayar da wuta inda take, ya kira wani mai gadi ya tayar. Ya duƙa kan injin yana kallonsa kawai, asuwakin aduwa a bakinsa. Garin duƙawa bakin asuwakin ya taɓa ƙarfe. Sai na ga ya sandare. Ya ɗago, ya sake taɓawa, ya rufe ido. Hawaye na bin gemunsa.

"Tana magana," ya ce. "Ta haƙori take shigowa."

Ya yanko busasshen reshen aduwa kamu ɗaya, ya ciji gefe, ya ɗora ɗaya gefen a kan injin. Haka ya wuni har la'asar, ya gyara wuta, ya gyara fura, ya duba buji ya shafa gemu.

Ran Talata a gindin tudu Kyari ya tsai da mota, ya fito ya ciji sandarsa, ya ɗan murɗa karbirata abin da bai kai faɗin farce ba. Kumandan ya ce me wannan tsoho yake yi? Tafinta ya dube ni, na ce, "Gaya masa gaisawa suke." Magira ta ɗauki tudun nan da numfashi ɗaya. Ranar na fara ganin bayan tudun ina zaune cikin mota, ba turi. Ba a sake ta da maganar makanikin Damagaram ba, Kyari ya riƙe motarsa har ta mutu a hannunsa, ta tafi da haƙoransa biyu na gaba.

Da tsufa ya kama mu, in na je gaishe shi sai ya jawo sandar, ya cije ta da sauran haƙoran, ya ɗora mini a ƙirji ya ce, "Yi magana, Jaki." In na yi, ya saurara, ya girgiza kai.

"Wutarka ta fara makara."

Ta makara kam, taubashi, ga shi ka riga ni. Allah ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya mayar maka da kunnenka ka ji sallamar mala'ikun rahama tun daga nesa. Ku kuma in kun bi ta gefen maƙabarta, don Allah ku ɗan yi shiru.