Keziah Mai Karanta Ƙasidu

A ƙauyenmu na jihar Connecticut, zamanin da Sarkin Ingila ke mulkin ƙasarmu, idan aka tashi daga ibadar safe ran Lahadi da hunturu, babu mai komawa gida. Sai a duru cikin ɗan ɗakin da ke gefen coci, a hura wuta, a ci burodi da cuku, a jira ibadar yamma. Kai, zaman nan akwai daɗi! A nan Keziah Burnap ta yi suna.

Ita mace ce 'yar firit, amma muryarta sai ka rantse ta ƙato ce. Lokacin da ƙasidun siyasa suka fara shigowa daga birnin Philadelphia a aljihun fatake, duk sun yi laushi don shan hannu, ita ake miƙa wa. Takan hau benci ta karanta cewa tsibiri irin Ingila ba shi da hurumin mulkin nahiya irin tamu, kuma sarauta ba daga sama ta faɗo ba. Tsofaffi har mantawa suke yi da abincin da ke hannunsu.

Mutum ɗaya ne ba ya gyaɗa kai, wato yayanta Jabez maƙeri, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu.

"Sauko, 'yar nan, kafin ki karya bencin mutane," in ji shi. "Ke da ko kaza ba ki iya kamawa, ke ce za ki tuɓe Sarkin Ingila?"

"Yaya, sarkin naka ya san da zamanka? Ko ƙusa ɗaya ya taɓa saye a wurinka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da shi. Bayan an tashi ya ɗora ta a bayan dokinsa, suna tafe suna musu har gida.

Wasa-wasa magana ta zama yaƙi. Taron gari ya yanke cewa duk wanda ya tsaya wa sarki, ba ciniki da shi, ba gaisuwa. Jabez kuwa taurin kai kamar ƙarfen da yake duka. Ya ce rantsuwar biyayya ya yi, ba zai lashe ta ba. Maƙerarsa ta mutu. Keziah, wadda ta riga ta yi aure, takan lallaɓa ta bayan gona ta kai masa miya tana roƙonsa.

"Baki kawai za ka buɗe, Yaya. Ka ce ka bi gari, a wuce wurin."

"In yi ƙarya don ki samu barci?"

Ranar da zai yi ƙaura zuwa Nova Scotia, can arewa inda mulkin sarki bai faɗi ba, tare da sauran mutanen sarki, ya tsai da keken dokinsa a ƙofarta. Maƙwabta duk sun leƙo ta taga.

"Keziah, ko sai wata rana ba za ki ce mini ba?"

Ta fito tsakiyar hanya a gaban idon kowa, ta kama linzamin dokin, ta ce, "Ka sauka lafiya, Yaya." Wata guda matan gari suka yi ba sa amsa gaisuwarta, ko a jikinta.

Ba ta ƙara ganinsa ba. Ta tsufa ana girmama ta, ana zaunar da ita a gaba duk ranar bikin 'yanci. Wata shekara jikarta ta tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani.

"Da za a sake, sai na sake karantawa," in ji ta. Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ƙasa ta kowa ce, yarinya. Yaya kuwa ni kaɗai ke da shi."