Hawan Dutsen Kara da Inna

JIDDA. Ƙarfe biyar na asuba muka bar unguwar Sa'alaba a tsohuwar akori-kurata, ni da mahaifiyata. Wata huɗu Inna na barci a zaune saboda ciwon ƙirji. Likita ya ce danshin tekun Jidda ne ke shaƙe ta, in ba a kai ta tudu ba, ba za ta ga baɗi ba. Yayata Hajara na aure a Hada, can ƙoƙoluwar dutse, na ce can za mu. Ban taɓa tuƙi a dutse ba, amma ban gaya mata ba.

MAKKA. Kilomita saba'in da ɗoriya, muka iso bakwai saura. A shinge soja ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya leƙa Inna yana jin yadda take huci.

"Ina za ka da hajiya?"

"Sama."

"Yalla, Allah ya ba ta lafiya."

Muka sha shayi na kirshi biyu, muka wuce ta Arfa.

KARA. Tara daidai muka fara hawa. Titin ya nannaɗe jikin dutsen kamar rawani, hagu bango, dama rami. A kwana ta bakwai mota ta tafasa. Na sa dutse a bayan taya, birai suka kewaye mu suna kallon direban Jidda.

"Sani, mai da ni gida in mutu a ɗakina," in ji Inna.

"Inna, gaba ta fi kusa." Ƙarya nake, kuma ta sani. Na zuba wa mota ruwa muka ci gaba a giya ɗaya.

HADA. Sha ɗaya da rabi muka hau. Gajimare na ƙasa da mu, tsaunuka jere har iyakar gani, ga ƙauyukan dutse, ga gonakin rumman a bakin wani tafki. Hajara ta shimfiɗa wa Inna tabarma. Muna cikin hira muka ji shiru. Na ruga na durƙusa kanta. Ashe barci take, a kwance.

Kwana uku na yi. Ranar tafiya na ɗauki ƙullin kayan Inna don in tsokane ta.

"Ajiye min kayana. Halas, shi ke nan, ni na zama 'yar dutse. Ka gai da maƙwabta."

JIDDA. Na iso da la'asar, mota lafiya, ni lafiya. Na shiga ɗakinta, ga matasan kai ukun da take jingina da su. Na gode wa Allah, na zauna a bakin gadon ina kewarta.