Janaretan da na ba da aro, da bakin da na kasa riƙewa

Shekarun baya na sayi ɗan ƙaramin janareta a Gummi, ina cajin waya da shi ranar kasuwa. Kullum sai na goge shi kamar takalmin Idi. Abin da na sani a jikinsa uku ne: famfon mai, cok, da igiyar da ake ja. Amma in ka ji ni ina bayani, sai ka rantse ni na ƙera shi.

Abokina, wanda muka tashi tare, ya zo aronsa zai yi suna a Bukkuyum. Na ba shi, raina bai so ba. Bayan kwana biyu ya maido shi a kan babur, har da kwalbar baƙin mai a leda. Ya ce, "Ga wanga, ka zuba mishi."

Washegari na ja igiya, ya tashi, ya yi ɗan ƙugi ya mutu. Sau shida ina ja. Wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa a gefe, ban kula ta ba. Kwalbar nan kawai nake kallo. Wa ya tambaye shi baƙin mai? Na ce ruwa ba ya tsami banza, an buɗe min inji an sake wani abu.

Inna ta ce, "Kai shi ga makanike tukuna, kar ka ɗau alhaki." Ban ji ba. Na tare abokin nawa a bakin masallaci bayan La'asar, gaban mutane, na tambaye shi me ya cire. Ya dube ni ya ce, "Ni?" Ya sa takalminsa ya tafi.

Da na kai injin, makanike bai yi minti biyar ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, a bushe. Ya ce, "Yaushe rabonka da zuba mishi?" Na ce ai ana zuba fetur. Ya yi dariya ya nuna fitilar. "In baƙin mai yay yi ƙasa, da kainai shika mutuwa, don kar shi ƙone. Ba wanda yat taɓa ma komi."

Na je har gida na ba abokina haƙuri, kunya kamar in nutse. Ya ce ya wuce, kuma na yarda ya wuce. Muna gaisawa, muna zumunci, 'ya'yanmu na wasa tare. Amma tun daga ranar, ko allura bai sake aro a wurina ba. Har yau abin yana ci min rai.