Reshen da Ustaz Hamza Ya Bar Min

Shekara tara ina tambaya ɗaya: wa ya sa aka sare bishiyar nim, wato darbejiya, ta bakin suk, kasuwarmu, wadda nake ɗinkin takalma a ƙarƙashinta? Na yi ta zirga-zirga mahalliyya, ofishin ƙaramar hukuma, kullum a ce min ka dawo gobe. Mutum ɗaya ne a duk Gadarif ya taɓa zama ya saurare ni, kuma shi ne yau da safe aka ce min ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ustaz Hamza mai zane. Ya je Hawata duba mahaifiyarsa, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, shi ke nan.

Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabcina Idrisu tela ne ke rubuta wannan a wayarsa don ya yaɗa muku, na ce masa kada ya gyara min ko kalma.

Duk mai bin titinmu ya san doguwar katangar tsohon siton dawa. A nan Ustaz ya tara mutanen unguwa suka zana bishiyoyin titin, waɗanda ke tsaye da waɗanda aka sare. Yana da ƙa'ida: ba ya zana bishiya da ka. Sai ya nemo wanda ya zauna a inuwarta ya ba shi labarinta, kuma reshen ƙarshe da hannun mutumin ake ja. Hajja Zainabu mai shayi ita ta ƙarasa tsamiyarta. Masu raksha, keke mai ƙafa uku, suka ƙarasa tasu, suna ta musu kan wanda ya fi daɗewa a wurin.

Ranar da ya fara zuwa wurina korarsa na yi. Na ce, "Zanen naka zai tare min rana?"

Ya yi dariya. Ya ce, "A'a, ya Hajj. Amma zai hana su cewa ba a taɓa yin bishiya a nan ba."

Washegari ya dawo da takalmin da babu abin da ya same shi, wai in duba masa. Na sani, ya san na sani. Ya zauna a ranar nan tare da ni har gumi ya jiƙa masa riga. Bayan kwana biyu kuma ya zo da tamfal ɗinsa mai ɗigon fenti ya ɗaura min a ka. Ƙarƙashinsa nake zaune yanzu haka.

Sai na buɗe baki. Na faɗa masa mahaifina ne ya dasa bishiyar shekarar da ya daina zuwa aikin gona Gadambaliya, da ruwan alwalarsa ya raine ta. Na faɗa masa randar ruwan sadaka da ke gindinta, da ƙusar da nake rataye zare. Duk ya zana, har ƙusar.

Babban reshen ne ya ja a miƙe. Nawa kuwa a karkace yake, ya sunkuyo kan titi tun ranar da motar dawa ta buge shi. Ban taɓa faɗa masa ba, ina zai sani? Amma a gaban jama'a na ɗaga murya na ce, "Wannan ba bishiyata ba ce. Ƙarya ka zana."

Shi ko fuska bai ɓata ba. Ya ɗauki farin fenti ya shafe reshen nan take, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Hajj. Ga wurin na bar maka. Ranar da ka huce ka zo mu ja shi tare."

Wata uku ban je ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar Alhamis ce, kafin tafiyarsa. Ya zo da burushi a naɗe cikin tsumma. "Ya Hajj, minti goma kawai." Na ce ina da aiki. Wallahi ba ni da aiki. Takalmi ɗaya ne a hannuna, na warware ɗinkin na sake, don kada in ɗago in dube shi. Ya ajiye burushin a kan akwatina ya ce, "To riƙe min, in na dawo sai mu gama."

Ga shi nan a kan akwatin. Ban kwance tsumman ba.

Yanzu ku ji abin da ya hana ni zama. Ɗazu magina suka zo suna awon katangar. Na tambaye su, suka ce an ba da siton haya, ranar Asabar za a fasa a fitar da ƙofofin shaguna. Na ce wa ya ba da umarni? Suka ce su aiki aka ba su. Amsar da masu gatari suka ba ni ke nan shekara tara da suka wuce.

Sau biyu za a sare min bishiya ɗaya?

Babu mai rai da ya san yadda reshen nan ya karkata sai ni. Idona ya yi rauni, hannuna rawa yake, ni kaɗai ba zan iya ba. Ina neman wanda gwangwanayen fentin Ustaz ke hannunsa. Ina neman wanda zai riƙe min hannu mu ja reshen. Ko da Asabar ɗin za a fasa, bishiyar ta kwana ɗaya a cike, in san na amsa kiran mutumin nan.

Allah Ya jiƙan Hamza, Ya yafe masa, Ya sanyaya kabarinsa, Ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai Tasa. Allah Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Ku yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa min gafarar abin da na yi masa.

Kada ku rubuta amin ku wuce. Mai siton nan yana da suna, kuma a cikinku akwai wanda ya san shi. Ina bakin suk, ƙarƙashin tamfal, da burushin a gabana. Yau Laraba.

Wani ya zo ya amsa min.