Sarkin Tsani da 'Yar Farar Ƙwaya

Shekara arba'in Babanmu ya yi yana fentin gidaje, har abokan aikinsa suka sa masa Sarkin Tsani. Mutum ne mai garaje, ko shayi a tsaye yake sha. In ya bi ta gidan da ya taɓa yi wa fenti, sai ya tsaya ya kankari bangon da farce ya ga ko ya fara ɓarewa, masu gida na kallonsa kamar ɓarawo.

Da ciwon zuciya ya taɓa shi, likita ya ɗora shi kan wata 'yar farar ƙwaya mai rage mata gudu. Baba ya tsane ta, wai tana kashe masa jiki, taki biyar a tsani sai ƙafa ta yi nauyi. Saura kwana huɗu a yi masa aikin ƙaba, ya ajiye ƙwayar don ya ƙarasa wani bene kafin a kwantar da shi. Ni na tsinci katin maganin a jakar burushinsa, na ga ya daina sha. Na yi masa magana, ya ce yaushe aka haife ni.

Ranar aikin da safe, likitar da ke sa barci ta zauna bakin gadonsa. Ta ce a lokacin tiyata zuciya kan zabura, in kuwa ta cika gudu ba ta samun jinin da ita kanta take buƙata. Ƙwayar ce linzaminta, kuma wanda ya saba da ita ya bari farat ɗaya ya fi kowa shiga haɗari. Sai ta tambaye shi ko yana sha.

"Kullum," in ji Baba.

Ta juyo gare ni. Shi ma ya juyo. A gidanmu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, haka aka tashe mu. Na gyaɗa kai, wallahi ina sane.

Aikin da aka ce na awa ɗaya ne ya ci uku. Zuciyar ta yi ta gudu, da ƙyar suka sauko da ita da allurai, amma wani ɓangarenta ya riga ya illata. Da na faɗa wa likitar gaskiya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, da ta sani da ta ɗage aikin. Na gwammace ta zage ni.

Baba ya rayu, sai dai ko dakalin ƙofa yanzu da haki yake hawa. Tsaninsa na jingine a tsakar gida, Mama na shanya a kai. Ni nake ba shi ƙwayar kowace safiya, yana haɗiyewa ba musu.

Rannan ina miƙa masa ruwa, ya daɗe yana kallon tsanin, sannan ya ce, "Ke kuwa 'yar nan, da kika ga ubanki na shirme, me ya hana ki tona ni?"